Idan Nono Ya Zame Wa Jariri Cuta

(Kiɗan buɗe shiri)

Masu sauraronmu na Bodinga da Sifawa da Danchadi da Dingyaɗi, da na Shagari da Kajiji da Dandin Mahe da Jaredi, da duk inda muryar nan ta kai, barkanmu da warhaka. Iyayenmu mata, kakanni, ungozomomi, wanzamai da magidanta, shirin yau naku ne, ku ɗan matso kusa da rediyo.

Kafin in shiga magana akwai gargaɗin da nake so kowa ya riƙe. Nonon uwa shi ne abincin jariri. Wata shida na farko a ba shi mama zalla, ko ruwa ba ya bukata, daga nan a haɗa da abinci har shekara biyu. Wannan magana tana nan daram. Ciwon da zan yi bayani a kai yana samun jariri ɗaya ne cikin dubbai masu yawa. Don Allah kada wata ta ji rabin shiri ta tashi ta ce an faɗa a rediyo a daina ba yara mama.

To, akwai gidajen da aka sani da wani irin rashi. Mace ta haihu lafiya, jariri ya zo da ƙibarsa, ya yi kuka, ya kama mama. Kwana uku zuwa huɗu sai ya fara amai. Ya rage tsotso, ya yi laushi, barci ya yi masa yawa. Idanunsa su yi rawaya, a ce shawara ce. Ciki ya ɗan kumbura. Wani ba ya kai ranar suna, wani ya wuce suna da mako ɗaya ko biyu, zazzaɓi ya shigo, sai a wayi gari an kai shi makwancinsa. Bayan shekara biyu a sake haihuwa, wannan ya rayu lafiya lau. Na bayansa kuma ya bi hanyar na farko. Sai a fara kiran matar mai wabi. Wasu su ce iska ce, wasu su ce baki ne. Mafi yawa kuma sai su juya kan nononta, su ce mugu ne, ko yana da ɗaci, ko yana da dafi.

Kun san gwajin da tsofaffi kan yi. A tatsi nonon a ƙoƙo a jefa tururuwa a ciki, ko a ɗiga shi a kan wuƙar da aka gasa, a yanke hukunci a kan abin da aka gani. Idan an ce nonon bai da kyau, sai a ba mai jego jiƙe-jiƙe ta sha, a wanke mata mama, jariri kuma a koma ba shi nonon akuya ko na saniya, ko a miƙa shi ga wata mai shayarwa a dangi.

A cikin irin waɗannan gidaje akwai waɗanda abin da ke kashe musu 'ya'ya wani ciwo ne na gado da likitoci ke kira galaktosimiya. Tsofaffinmu sun lura da wani abu na gaskiya, wato yaron yana ƙara lalacewa ne duk lokacin da ya sha. Inda lissafin ya karkace shi ne wurin ɗora laifi. Nonon uwar lafiyarsa ƙalau, da za a ba jaririn maƙwabta zai sha ya yi ɓul-ɓul. Matsalar tana cikin jikin yaron, kuma duk nonon da aka ba shi, na akuya ko na tunkiya ko na saniya ko na raƙumi ko na wata mace, haka zai yi masa.

Ga yadda abin yake. Kowane nono yana da sukari nasa na halitta, shi ne ɗan zaƙin da ake ji idan an ɗanɗana, sunansa laktos. Nonon ɗan Adam ma ya fi na saniya yawansa, domin yana da kusan giram 7 a cikin mililita 100, na saniya kuwa bai cika kai 5 ba. Idan jariri ya sha, hanjinsa yana raba wannan sukari gida biyu, gulukos da galaktos. Gulukos jiki yana amfani da shi nan take. Galaktos kuwa sai ya biya ta hanta, inda wasu sinadarai ke sarrafa shi mataki-mataki har ya koma abin da jiki zai ci moriyarsa. Yaron da ke da wannan ciwo an haife shi ne ɗaya daga cikin sinadaran nan ba ya aiki.

Duk wanda ya taɓa ban ruwa a fadama ya san abin da ke faruwa idan hanyar ruwa ta toshe alhali inji yana ci gaba da turowa. Ruwan ba ya isa inda ake bukatarsa, sai ya taru ya ɓalle ya kwanta a kan shukar da ke kusa har ta ruɓe. Haka galaktos ke taruwa a jikin yaron nan, kuma kowane tsotso ƙari ne. Hanta ce ke fara jin jiki, shi ya sa ake ganin shawara da kumburin ciki. Ya taɓa ƙoda, ya taɓa ƙwaƙwalwa. A ido yana rikiɗa ya zama wani abu mai jawo ruwa cikin ƙwayar ido, sai yana ta rufe ta, irin yanar da muka saba gani a idon tsofaffi, amma ga ta a idon jaririn da bai yi arba'in ba. Kuma jikin irin wannan yaro ba ya iya kare kansa daga ƙwayoyin cuta, musamman wata da ke zaune a hanji mai suna E. coli. Sau da yawa ita ce ke shiga jini ta ƙarasa shi.

Wanzamai, ga taku. Hanta ce ke haɗa abubuwan da ke sa jini ya daskare. Jaririn da hantarsa ta taɓu, ƙaramin yanka zai iya zubar masa da jini har ya galabaita. Idan aka kira ka cire beli ko yin tsaga ka tarar da jariri idonsa rawaya, jikinsa sanyi ƙalau, ba ya tsotso, mayar da askarka cikin zabira ka ce a tafi asibiti. Maganarka tana da nauyi a gidan, za a ji.

Daga ina yaro ke samo wannan ciwo? Daga uwa da uba gaba ɗaya. Yanzu kusan kowa ya ji bayanin sikila, yadda mai AS idan ya auri mai AS za su iya haifar mai SS alhali su duka biyun lafiyarsu ƙalau. Wannan ma hanyar gadonsa ke nan. Uba yana ɗauke da rabi bai sani ba, uwa tana ɗauke da rabi ba ta sani ba, kuma su biyun suna shan furarsu da nono ba abin da ke damunsu. A kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya ɗauko rabin uwa da rabin uba su haɗu. Ku lura, kowane ciki da nasa lissafin. Ana iya haifar biyu a jere masu ciwon, ana iya haifar biyar babu ko ɗaya. Saboda haka maigidan da ya saki mace a kan mutuwar jarirai, ko ya bari danginsa suna yi mata gori, ya sani rabin abin daga jininsa ya fito. Wannan magana na faɗe ta da ƙarfi ne saboda mata da yawa sun sha baƙin ciki biyu, na rashin ɗa da na zargi, a kan abin da ba su da hannu a ciki.

Dole in taɓo auren zumunci, domin a ƙasar Sakkwato al'ada ce mai ƙarfi a tsakanin Hausawa da Fulani, kuma tana da alherinta da kowa ya sani, dangi ya ƙara haɗuwa, yarinya ta zauna a hannun waɗanda suka san mutuncin iyayenta. Addini bai hana ba, ni ma ban zo in hana ba. Amma ɗan wa da 'yar ƙane kakansu ɗaya, kuma idan kakan yana ɗauke da rabin wani ciwo da ba a cika samu ba, zai iya gangarowa ta ɓangarorin biyu ya haɗu a jikin jika. Gidan da aka ga jarirai suna mutuwa iri ɗaya a makonnin farko, ya kamata dattawansa su zauna da likita kafin a sake ƙulla wani auren a cikin gida. Ku kuma sani gwajin jinin sikila da ake yi kafin aure ba ya nuna wannan ciwo, hanyarsu daban.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu muna kan ciwon gado da ke hana jariri sarrafa sukarin nono.

Likitoci sun daɗe da sanin sa. A 1908 wani likitan yara a ƙasar Ostiriya, von Reuss, ya rubuta labarin wani jariri mai shan mama da ya ƙi girma, hantarsa ta kumbura, ana samun wannan sukari a fitsarinsa. A 1935 wasu likitoci biyu a Amurka, Mason da Turner, suka bi diddigin wani yaro baƙar fata mai irin wannan hali, suka cire masa madara gaba ɗaya, sai hanta ta saɓe, yaro ya fara girma. Daga baya wani masani ɗan ƙasar Ajantina, Luis Leloir, ya gano matakan da jiki ke bi wajen sarrafa galaktos, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1970, kuma a 1956 Herman Kalckar da abokan aikinsa suka nuna ainihin sinadarin da ya gaza a jikin yaran. Duk da wannan ilimi, har yau babu allura ko ƙwayar da ke warkar da shi. Maganin da Mason da Turner suka yi amfani da shi shekara casa'in da suka wuce, shi ne dai maganin, wato a canza abinci.

A ƙasashen Turai ana samun sa a jariri ɗaya cikin 30,000 zuwa 60,000. Amma a ƙasar Ayalan akwai wata al'umma ta masu yawo da ke yawan aure a tsakaninsu, a cikinsu kusan jariri ɗaya ne cikin 500. Na kawo su ne saboda dabarar da asibitocin can ke yi, jaririn da aka haifa a wannan al'umma ana fara shi da madarar waken suya tun ranar farko, a ɗebi jininsa a gwada, idan ya fito lafiya sai a mayar da shi kan mama. Akwai kuma wani nau'in ciwon da ya fi yawa a jinin mutanen Afirka, an yi nazarinsa sosai a Afirka ta Kudu da kuma tsakanin baƙaƙen fatar Amurka. Shi ma yana kwantar da jariri a makonnin farko, amma idan an gano shi da wuri aka cire madara, yaran sun fi samun sauƙi daga baya, domin hantarsu tana da ɗan ragowar sinadarin. Wannan albishir ne a gare mu.

Galaktosimiya tana da 'yan uwa da su ma abinci ne maganinsu. Akwai wanda ake kira PKU, wanda wani likita a Nowe, Følling, ya gano a 1934, inda jikin yaro ba ya iya sarrafa wani ɓangare na abinci mai gina jiki, sai ya taru ya lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali. A farkon shekarun 1950 likitoci a Birmingham ta Ingila suka haɗa abinci na musamman da ya tsayar da ɓarnar. Sai Robert Guthrie a Amurka ya fito da gwajin ɗigon jini daga dunduniyar jariri a farkon shekarun 1960, wanda a yau ƙasashe da yawa ke yi wa kowane jariri kafin ya cika mako ɗaya. A Nijeriya babu wannan tsari na gwada kowane jariri don irin waɗannan cututtuka. A wajenmu kuma mafi yawan haihuwa a gida ake yin ta, mai jego tana ɗaki tana wanka, ba ta fita. Ke nan idon kaka da na ungozoma su ne gwajin farko da jaririn Bodinga ko na Shagari zai samu.

Goggo, inna, ga abin da za ku duba. Jariri ya ƙi mama ko ya rage tsotso. Amai bayan kowane sha. Rawaya a ido ko a dasashi ko a tafin hannu, musamman idan ta fito tun ranar farko, ko tana ƙaruwa, ko ta wuce mako biyu. Jiki ya saki, ko ya yi zafi, ko ya yi sanyi. Jini ya ƙi tsayawa a cibiya. Fari-fari a tsakiyar baƙin ido. Ku fito da shi haske ku duba, domin a cikin ɗaki mai duhu shawara tana ɓuya.

Yawancin jariran da ke yin shawara ba wannan ciwo ne ke damunsu ba. Wasu bakwaini ne, wasu ƙwayar cuta ce ta shiga ta cibiya, wasu jininsu ne bai jitu da na uwa ba. Akwai kuma wani rauni na gado a ƙwayoyin jini da ya yawaita ƙwarai a 'ya'ya maza a ƙasar nan, wanda kafur ɗin da ake sawa a akwatin kayan jariri, ko lalle, ko man zafi, ke tayar da shi jini ya farfashe. Ku raba kayan jariri da kafur. Ko wanne ne dai daga ciki, ba a gane shi da ido, kuma shanya jariri a rana ko ɗura masa ruwan gulukos ko jiƙo ɓata lokaci ne. A kai shi asibiti a ranar. Hanyar da ta taso daga Jega ta ratsa Tambuwal da Shagari da Bodinga ta shiga Sakkwato tana nan, mota ba ta yankewa a kanta. A fara da asibitin da ya fi kusa, idan sun tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, kada a koma gida a ce sai an yi suna.

Idan kun isa, ku gaya wa likita tarihin gida ba tare da kunya ba. Jarirai nawa aka rasa, suna da kwana nawa, me aka gani a jikinsu, kuma mece ce dangantakar uwa da uba. Na san al'adarmu ba ta son ƙirga 'ya'ya, balle waɗanda suka rasu, kuma mai haihuwar fari ba ta iya buɗe baki a gaban surukai. To wani babba ya yi maganar a madadinta. Wannan tarihin shi ne ke sa likita ya tuna da ciwon da ba kullum yake ganin sa ba.

Ma'aikatan ɗakin gwaji da ke saurare, akwai gwaji mai sauƙi da kuka koya a makaranta. A ɗumama fitsarin jariri da ruwan Benedict, shuɗin nan. Idan akwai sukari irin su gulukos ko galaktos, launi zai canza. Sannan a tsoma ɗan tsinken gwajin masu ciwon sukari, wanda gulukos kaɗai yake gani. Idan na farko ya nuna sukari na biyu bai nuna ba, a jaririn da ke shan nono kuma yana da shawara, akwai dalilin zargi mai ƙarfi. Ba shi ne hukuncin ƙarshe ba, tabbaci sai an auna sinadarin a ƙwayoyin jini a babban ɗakin gwaji, kuma a ɗebi jinin kafin a yi wa jariri ƙarin jini, domin jinin wani zai rufe gaskiyar har tsawon watanni. A ra'ayina bai kamata a sami babban asibiti a jihar nan da ba shi da kwalbar Benedict ba, kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Idan likita ya yi zargi, ba ya jiran sakamako, nan take yake dakatar da nono. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fi kowa kiran a shayar da mama, ita da kanta ta sa wannan ciwo a cikin dalilai 'yan ƙalilan da ke sa a hana jariri nonon uwa. Abin da ake ba shi a madadin shi ne madarar jarirai ta gwangwani wadda aka yi da waken suya. Sau da yawa cikin 'yan kwanaki amai ya tsaya, shawara ta fara washewa, yaro ya buɗe ido. Yanar ido ma, idan ba ta yi kauri ba, takan ja baya.

A nan akwai tarko uku. Na farko, madarar waken suya da muke niƙawa mu tace a gida ba ta isa ta riƙe jariri sabon haihuwa ba, ba ta da abubuwan da ƙashinsa da ƙwaƙwalwarsa ke bukata, haka ma koko da kunu. Na biyu, madarar jarirai da aka saba gani a shago daga nonon saniya aka yi ta, guba ce a gare shi. Na uku, akwai madarar da ake rubuta wa cewa ba ta da laktos. Wasu daga cikinsu an raba sukarin ne kawai gida biyu, galaktos ɗin yana nan a ciki. Kada a saya sai an nuna wa likita gwangwanin.

Wajen haɗawa, a tafasa ruwa sosai, a wanke hannu, a bi awon da ke jikin gwangwani daidai. Kada a tsinka ta don ta yi auki, yaro zai rame. A ba shi da ƙaramin kofi mai tsabta, ya fi bulumboti sauƙin wankewa. Abin da ya rage bayan awa biyu a zubar. Ita kuma uwa, yayin da ake jiran sakamako, ta riƙa tatse nononta a kai a kai don kada ya ƙafe, domin idan gwaji ya wanke yaron sai ya koma kan mamansa. Idan kuma ya tabbata, ta rage tatsa a hankali har ya tsaya, kuma ita da maigida su nemi shawarar tazarar haihuwa, saboda macen da ba ta shayarwa tana saurin ɗaukar ciki. Ciki na gaba a haife shi a asibiti, a gaya musu tun awo, jaririn kuma kada ya sha nono sai an gwada shi.

Madarar nan tana da tsada, babu amfanin ɓoyewa, kuma manomi ko makiyayi ba zai iya ɗaukar ta shi kaɗai na tsawon watanni ba. Nan ne dangi da masu hali da masu fitar da zakka za su shigo. Kuma ina kira ga hukumomin lafiya na jiha su sa irin waɗannan yara cikin waɗanda ake tallafa wa, ba su da yawan da za su gagari gwamnati. Uwar da zuciyarta ke mata nauyi saboda Alƙur'ani ya ambaci shayarwa ta shekara biyu, ta tambayi malamai, za su gaya mata hukuncin lalura. Hana shi nonon shi ne jinƙan da za ta yi masa.

Daga wata shida abin yana sauƙi, domin yawancin abincinmu ba ruwansa da madara. Kunun gero, kunun gyaɗa, kunun tsamiya, tuwon dawa da na masara da na shinkafa, miyar kuka, miyar kuɓewa, wake, ƙosai, alale, ƙwai, kifi, nama, dankali, kabewa, mangwaro, gwanda, duk nasa ne. A da likitoci kan hana wake da wasu 'ya'yan itace, amma ƙa'idar da masana suka fitar a 2017 ta sake su. Awarar waken suya ma ya ci, daddawa a miya ba laifi.

Abin da zai bari har abada shi ne nono da duk abin da ya fito daga gare shi. Na san nauyin wannan magana a ƙasar da fura da nono ke zaman abincin rana, kuma a ruga inda yaro ke tashi da ƙwaryar madara a hannu. Wani zai ce ai kindirmo ya yi tsami, sukarin ya tafi. Bai tafi ba. Tsamin yana fasa laktos ne, amma galaktos yana nan zaune, saboda haka kindirmo da tsala da yogot da cuku duk hukuncinsu ɗaya. Furar kanta gero ce da kayan yaji, ba ta da laifi. A dama masa tasa da ruwa, ko da madarar waken suya ta gida, wadda yanzu ya isa sha, a ɗan sa garin ƙwamen kuka ko tsamiya don ɗanɗano. Man shanu kuwa, ɗanye yana da ragowar nono a jikinsa, wanda aka soya aka tace ya fi tsabta, amma a tambayi likitan yaron tukuna.

Sai madarar da ke ɓoye. Shayin mai shayi, tuwon madara, alewar madara, cakulan, askirim, biskit da yawa, kek, wani burodin, garin shayi irin su Milo da Bournvita, har kunun aya idan mai yi ta zuba madara. Wanda ya iya karatu a gidan ya riƙa duba jikin leda. Akwai kuma wanda nake so ma'aikatan cibiyoyin tamowa su riƙe da kyau. Abincin nan na leda mai kama da tunkuzar gyaɗa da ake ba yara masu tamowa akwai garin madara a cikinsa, haka madarar da ake ba waɗanda aka kwantar. Yana ceton dubban yara a jihar nan, amma ga mai wannan ciwo zai ƙara masa ne. Uwa ta faɗa da bakinta tun a bakin layi, kuma a rubuta a katin yaron da manyan baƙaƙe.

Tunda ba ya shan nono, sai a nema wa ƙashinsa da haƙoransa ƙarfi ta wata hanya. Kuka da zogale da riɗi da ƙananan kifi da ake dakawa da ƙayarsu duk suna da sinadarin kalsiyam, kuma likita zai iya ƙara masa da magani. Kada a rikita wannan ciwo da na manyan da nono ke sa wa kumburin ciki da gudawa. Wancan hanji ne kawai bai narkar ba, ba ya taɓa hanta, ba ya kisa.

Ba zan ce muku abinci yana share komai ba. Jiki da kansa yana ƙera ɗan galaktos ko ba a sha nono ba, shi ya sa wasu yaran, duk da kulawa, sukan yi jinkirin magana ko karatu ya yi musu nauyi. A yi haƙuri da su, a riƙa yi musu hira, a sa su makaranta, a gaya wa malaminsu. 'Ya'ya mata da yawa masu nau'in mai tsanani sukan sami matsalar al'ada da ta haihuwa, don haka idan yarinya ta kusa balaga a kai ta wurin likitan mata tun kafin a fara zancen aure, akwai taimakon da ake yi, kuma akwai waɗanda suka haihu. A riƙa kai yaron awo, a duba nauyinsa da idonsa. A koya masa tun yana ƙarami ya ce, ni ba na shan nono, likita ya hana. Kakanni da maƙwabta kuma kada tausayi ya sa a miƙa masa ludayin fura a ɓoye. Idan tsautsayi ya sa ya kurɓa sau ɗaya bayan ya girma, ba abin tayar da hankali ba ne, maimaitawar ce ke ɓarna.

Mai tambaya ya kai ta wurin ma'aikacin lafiya na asibitin da ke kusa da shi, ya tafi da katin yaron da gwangwanin duk madarar da ake ba shi. Lokacinmu ya ƙare. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)